Daga Diwani Zuwa Iƙɗa'i: Tarihin Gyaran Albashin Soja a Daulolin Musulunci

A tarihin daulolin Musulunci, tun daga zamanin halifofi shiryayyu har zuwa mulkin Mamalik a Masar, da wuya a sami wani sha'ani na mulki da aka yi ta warwarewa ana sake ƙullawa kamar tsarin biyan sojoji, domin mafi yawan abin da ke shiga baitulmali a kan mayaƙa yake ƙarewa, kuma soja ya fi jin maganar wanda yake karɓar haƙƙinsa daga hannunsa. Saboda haka kusan kowane gyara da aka yi wa albashi, ko da manufarsa ta farko ita ce toshe giɓin kuɗi na shekara guda, ya kan ƙare da sauya wanda ke riƙe da ragamar daular.

A farkon al'amari babu wani albashi tsayayye. Wanda ya fita yaƙi rabonsa yana cikin ganima, wato dukiyar da aka ƙwato a fagen fama, wadda ake cire humusi, kashi ɗaya cikin biyar, a raba sauran tsakanin waɗanda suka halarta, mai doki ya sami fiye da na ƙasa saboda ɗawainiyar dabbarsa. Abin da ya zo Madina ta wasu hanyoyi kuwa, Halifa Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, raba shi yake yi daidai wa daida, ba ya bambanta wanda ya daɗe a Musulunci da wanda ya shigo daga baya. Wannan tsari ya isa al'ummar da mayaƙanta ke fita su dawo gida cikin 'yan makonni, amma bai isa rundunonin da suka ci Rumawa a Yarmuk a shekarar 636, suka karya Farisawa a Ƙadisiyya, sannan suka zauna a ƙasashen da suka buɗe ba su da niyyar komowa.

Matsalar da ta fara tasowa ita ce ta ƙasar noma. Wasu daga cikin manyan sahabbai, har da Bilal a Sham da Zubairu bn Awwam a Masar, sun nemi a raba gonaki ga mayaƙa kamar yadda ake raba sauran ganima, amma Halifa Umar bn Haɗɗabi ya ƙi, yana ganin in an yi haka babu abin da zai rage wa masu zuwa daga baya, kuma babu abin da za a tsare iyakoki da shi. Sai aka bar ƙasar a hannun manomanta suna biyan haraji a kanta, aka ɗauke ta a matsayin fai'u, wato dukiyar da ta zama ta jama'ar Musulmi gaba ɗaya ba ta wani mutum ba. Mayaƙa kuma aka tara su a sababbin birane na sansani, Basra da Kufa a Iraƙi, da Fusɗaɗ a Masar, aka hana su watsuwa cikin karkara. Daga wannan hukunci ne buƙatar diwani ta taso, domin wanda aka hana gona dole a ciyar da shi daga harajin gonar.

Diwani rajista ne da aka rubuta sunayen masu haƙƙi a cikinsa ƙabila-ƙabila, tare da abin da kowa zai karɓa a shekara, wanda ake kira aɗa'i, kuma mafi yawan masu tarihi sun sa kafa shi a shekara ta 20 bayan Hijira, wato wajen 641. An ɗora aikin a kan mutum 3 daga masana nasabar Ƙuraishawa, Aƙilu bn Abi Ɗalib da Makhrama bn Naufal da Jubairu bn Muɗ'im, aka fara da Banu Hashim, dangin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan mafi kusa da su, Halifa ya ƙi yarda a gabatar da nasa dangin saboda shi ne ke kan mulki. Ma'aunin da aka bi wajen yanka kuɗin shi ne sabiƙa, wato rigaye a shiga Musulunci da yi masa hidima. Mutanen Badar aka yanka musu dirhami 5,000 a shekara, waɗanda suka biyo su har zuwa Hudaibiyya 4,000, na bayansu 3,000, waɗanda suka halarci Ƙadisiyya da Yarmuk 2,000, sannan abin ya yi ta raguwa ga ayarin da suka iso daga baya har ya sauko zuwa 200 ko 300. Mata da yara ma suna cikin rajistar, jariri yana da dirhami 100, kuma an ruwaito cewa da farko sai an yaye yaro ake rubuta shi, amma da aka ga iyaye mata suna gaggauta yaye don su sami kuɗin sai aka mayar da shi tun daga haihuwa. Ban da kuɗin shekara akwai rizƙi, wato awon abinci na wata-wata, wanda yawancinsa alkama ne.

Yadda kuɗin ke isa hannun mai shi ya fi bayyana a Kufa, inda masanin tarihi Ɗabari ya adana bayani dalla-dalla. An kasa mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni ana ce masa irafa, aka daidaita shi yadda jimillar abin da zai karɓa za ta kai kimanin dirhami 100,000, don haka irafa ta mutanen Ƙadisiyya ta ƙunshi maza 43 da mata 43 da yara 50, alhali ta waɗanda suka fi su daraja maza 20 ne kawai da iyalansu. Kuɗin yana fitowa daga baitulmali zuwa ga shugabannin unguwannin ƙabilu da masu riƙe da tutoci, su kuma su miƙa wa arifi, wato jami'in da ke kula da irafa guda, shi ne zai bi mutanensa har gida ya ba kowa nasa. Arifi shi ya san wanda ya mutu da wanda aka haifa da wanda ya ƙi fita yaƙi, kuma a nan ne ƙofar ha'inci ta farko ta buɗe, tun da ɓoye mutuwar mutum guda na nufin kuɗinsa zai ci gaba da fitowa.

Duk da kyawun tsarin, yana ɗauke da wani aibi da bai bayyana ba sai bayan shekaru. Aɗa'i lada ne na abin da aka riga aka yi, ba na aikin da ake yi yanzu ba, kuma mutanen biranen sansani sun ɗauke shi haƙƙi ne da takubban iyayensu suka samar, wanda ɗa ke gada ko ya fita yaƙi ko bai fita ba. Ga kuma sababbin zuwa, waɗanda sau da yawa su ne ke ɗauke da nauyin yaƙin, suna karɓar kashi ɗaya cikin goma na abin da tsofaffin ke karɓa. Sai kuma tambayar rarar haraji: in an biya mutanen Kufa wani abu ya saura, nasu ne ko na Halifa? A zamanin Halifa Usman wannan gardama ce ta sa mutanen Kufa suka tare wa gwamnansu Sa'idu bn Asi hanya a shekarar 655 suka hana shi shiga gari, bayan an ji ya yi maganar da ke nuna ƙasar noman Iraƙi ta Ƙuraishawa ce. Halifa Aliyu ya koma ga rabon daidai irin na Abubakar, abin da ya faranta wa sababbin zuwa rai ya kuma ɓata wa wasu manyan.

Banu Umayya sun shafe kusan shekara 90 suna ƙoƙarin mayar da aɗa'i albashin aiki wanda gwamnati ke bayarwa kuma take iya hanawa. Ziyad bn Abihi, gwamnan Halifa Mu'awiya a Iraƙi, ya tace rajista ya fitar da sunayen matattu, ya tsayar da lokacin biya, sannan a shekarar 671 ya kwashe mayaƙa kimanin 50,000 da iyalansu daga Basra da Kufa zuwa Khurasan don ya rage wa baitulmalin Iraƙi nauyi. Hajjaj bn Yusuf, wanda Halifa Abdulmalik ya naɗa gwamnan Iraƙi a 694, bai yi wani rarrashi ba, ya shelanta cewa duk wanda sunansa ke cikin rundunar Muhallab da ke yaƙar Khawarijawa, in an same shi a gari bayan kwana 3 kashe shi za a yi, kuma ya aikata. Da ya soke ƙarin dirhami 100 da gwamnatin Ibn Zubair, abokin hamayyar Banu Umayya, ta yi wa mutanen Basra sai tawaye ya tashi a ƙarƙashin Ibn Jarud a 695, aka murƙushe shi. Babban tawayen Ibn Ash'as, wanda ya kai ga gumurzun Dairul Jamajim a 701, shi ma da batun albashi a cikinsa, shaida kuwa ita ce daga cikin abin da Halifa ya yi wa 'yan tawayen tayi har da daidaita aɗa'in Iraƙawa da na sojojin Sham. Sun ƙi tayin, aka ci su, Hajjaj ya gina garin Wasiɗ ya zaunar da sojojin Sham a ciki, harajin Iraƙi ya koma yana ciyar da rundunar da ke tsare Iraƙawan kansu. Daga nan diwani ya tashi daga rajistar al'umma ya zama rajistar soja masu sana'a. Irin waɗannan kuwa ba a taɓa musu kuɗi a kwana lafiya, kamar yadda Halifa Yazidu na Uku ya gani a 744, sa'ad da ya janye ƙarin da wanda ya gada ya yi, aka laƙaba masa sunan mai tauyewa, wanda ya bi shi har cikin littattafan tarihi.

Abbasiyawa, da suka karɓi mulki a 750, sun zo da rundunarsu ta Khurasan wadda ake lissafa mata albashi da wata, ba da shekara ba, kuma ba a tambayar abin da kakan mutum ya yi a Badar ko a Ƙadisiyya. Wanda ya ƙarasa tsohon tsarin shi ne Mu'utasim, da ya hau mulki a 833 ya rubuta wa gwamnan Masar ya goge sunayen Larabawa daga diwani ya tsayar da aɗa'insu, ya kuma dogara ga dakarun Turkawa, yawancinsu bayi da aka sayo daga tsakiyar Asiya, waɗanda ya gina wa birnin Samarra a 836. Hikimar ita ce a sami sojan da ba shi da dangi ko gona ko sana'a a ƙasar, don kada ya san kowa sai Halifa. Abin da ba a yi la'akari da shi ba shi ne, mutumin da ba shi da komai sai albashi, ranar da albashin ya makara ba shi da inda zai nufa sai ƙofar fada, kuma da makami a hannunsa. Bayan kashe Halifa Mutawakkil a 861 aka yi shekara 9 ana naɗa halifofi ana tuɓewa, kuma Ɗabari ya ruwaito cewa a cikin waɗannan shekaru abin da rundunonin ke bukata ya kai harajin daular na shekara 2. A 869 sojoji suka nemi Halifa Mu'utaz ya ba su dinari 50,000 kacal daga bashin da suke bi, ya nema wurin mahaifiyarsa ta ce ba ta da shi, suka jawo shi waje suka tsayar da shi a rana har ya sauka daga mulki, ya mutu a tsare. Daga baya aka tono dukiyarta aka tarar ta ninka abin da aka nema sau da yawa.

Halifa Mu'utadid, wanda ya yi mulki daga 892 zuwa 902, ya yi ƙoƙarin gyara abin ta hanyar tsantsenin lissafi, kuma kasafin kuɗinsa da Hilal as-Sabi ya adana ya nuna gwamnati na kashe dinari 7,000 a kowace rana, mafi yawansa a kan soja. Dabarar da ma'aikatansa suka bi ita ce tsawaita wata: manyan dakarun fada watansu na biya kwana 40 ne ko 50, na ƙasa da su ya kai kwana 90 ko 120, ta yadda ake rage albashi ba tare da an taɓa adadin da ke rubuce ba. Akwai kuma arli, wato bitar sojoji, inda Halifa ke zaunawa mahaya su zo ɗaya bayan ɗaya su gwada harbi a kan doki, magatakarda ya sa wa kowa alamar harafi guda da ke nuna ko gwani ne, ko matsakaici, ko na baya. Gwanaye su zauna kusa da Halifa, na baya a tura su taya masu karɓar haraji aiki. Don kada wani ya karɓi kuɗi da sunan wani, ana rubuta kamannin kowane soja a gaban sunansa, launin fatarsa da yanayin gemunsa da tabon da ke fuskarsa da haƙorin da ya fita, haka ma launin dokinsa da tambarin da aka yi masa. Malaman fiƙihu su ma sun sa baki: Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya tsayar a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta cewa a auna albashin soja da abin da zai wadace shi, a dubi yawan iyalinsa da dawakinsa da tsadar garin da yake zaune, kuma a riƙa sake duba shi kowace shekara.

Sai dai tsantsenin magatakarda ba ya haifar da kuɗin da babu. Ƙasar noman kudancin Iraƙi, wadda harajinta ya haura dirhami miliyan 100 a ƙarnin farko na Hijira, ta lalace sakamakon tawayen Zanj na 869 zuwa 883 da yaƙe-yaƙen sarakunan yaƙi, har ɗaya daga cikinsu, Ibn Ra'iƙ, ya fasa babbar magudanar Nahrawan a 937 don ya tare abokin gabansa, abin da ke shigowa ya faɗi ƙasa da rabi. Da Buwaihawa suka shiga Bagadaza a 945, shugabansu Mu'izzud Daula ya tarar da baitulmali wayam, kuma cikin shekara guda sojojinsa Dailamawa suka yi masa bore. Mafitar da ya samu ita ce iƙɗa'i, wato a ba hafsa haƙƙin karɓar harajin wani gari ko wasu ƙauyuka kai tsaye a madadin albashinsa. Ba mallakar ƙasar aka ba shi ba, harajinta kawai, kuma a ƙa'ida ana ƙiyasta abin da yankin ke bayarwa a daidaita shi da abin da yake bi.

Miskawaihi, wanda ya yi wa Buwaihawa aiki kuma ya san fadar daga ciki, ya bayyana abin da ya biyo baya da ɗacin rai. Wanda ya sami yankin da ke bayar da fiye da ƙiyasi sai ya yi shiru ya riƙe, wanda nasa ya gaza sai ya dawo da shi ya nemi musanya. Tun da babu mai tabbacin zai daɗe a wuri, babu mai yashe magudanar ruwa ko gyara madatsa ko ba manomi iri, kowa tatsa yake yi ta hannun bayinsa da wakilansa, in ƙauyen ya mutu ya mayar ya karɓi wani. Manoma suka gudu, wasu suka miƙa gonakinsu ga hafsan don su tsira daga sharrinsa. Ma'aikatan haraji, waɗanda ilminsu na awo da ƙiyasi shi ne ƙashin bayan gwamnati tun zamanin Farisawa, suka rasa aiki, aka haɗe ofisoshinsu wuri guda, har gwamnati ta daina sanin abin da ƙasarta ke samarwa. Wannan ta ƙarshe ita ce hasara mafi girma, domin sarkin da bai san darajar abin da ya bayar ba ba shi da hujjar da zai karɓe shi da ita.

Waɗanda suka biyo baya ba su iya komawa ga biyan tsabar kuɗi ga kowa ba, sai dai suka yi ta neman yadda za su sa wa iƙɗa'i linzami. Nizamul Mulk, wazirin Saljuƙawa da aka kashe a 1092, ya rubuta a littafinsa na siyasa cewa mai iƙɗa'i ba shi da iko a kan manomi illa karɓar abin da aka yanka cikin lalama, kuma ƙofar Sarki a buɗe take ga mai ƙara, ya kuma tuna cewa sarakunan da suka gabata sau 4 a shekara suke biyan sojojinsu daga taska. Nuruddin Zanki a Sham ya bi wata hanya daban, ya bar ɗa ya gaji iƙɗa'in ubansa, don soja ya ji abin nasa ne ya kula da shi ya kuma yi yaƙi a kansa.

A Masar ne aka fi cin nasarar riƙe tsarin a hannun gwamnati, saboda noman ƙasar duka ya rataya ne ga ambaliyar Nilu, kuma magatakardanta, da yawansu Kibɗawa, ba su taɓa sakin littattafan awon gona ba. Salahuddin ya shimfiɗa iƙɗa'i a can bayan ya kawar da Faɗimiyawa a 1171, Mamalik suka gada. A lissafinsu ana kasa harajin Masar kashi 24, Sarki yana da 4, manyan hafsoshi 10, sai 10 na halƙa, wato rundunar mahaya da ba bayin kowa ba, amma a aikace hafsoshi sun cinye da yawa daga rabon halƙa. Sarki Lajin ya sa aka sake auna ƙasar a 1298 don ya rage musu, aikin da ake kira rauki, ba a kuma cika shekara ba suka kashe shi tare da mataimakinsa Mankutamur. Nasir Muhammad bn Ƙalawun ya sake gwadawa a 1315 bayan ya riga ya kawar da manyan da za su iya ja da shi, ya ɗaga rabon Sarki zuwa kashi 10, ya bar 14 ga hafsoshi da halƙa baki ɗaya, ya zauna da kansa yana miƙa wa kowa takardar iƙɗa'insa. Ya kuma warwatsa rabon kowane hafsa, ƙauye guda a kudu wani a arewa, don kada wani ya tara ƙarfi a yanki ɗaya, kusan yadda hakiman Kano kafin zuwan Turawa ke zaune a birni garuruwansu na warwatse a ƙasa suna aika jakadu.

Da wannan ƙarin kaso Sarki ya riƙa sayen mamalik, wato bayin yaƙi, nasa na kansa yana biyan su jamakiyya, albashin wata na tsabar kuɗi, haɗe da nama na kullum da abincin doki da tufafi da kuɗin guzuri kafin fita yaƙi. Halƙa ita ta ɗauki asarar. Rabon mahayinta ya ƙanƙance har ba ya isa riƙon doki da makami, kuma bayan rasuwar Nasir a 1341 sojojinta suka shiga sayar da takardun iƙɗa'insu ko musanya su da kuɗi, har aka buɗe ofishi na musamman da ke karɓar la'ada a kan wannan ciniki. Masanin tarihi Maƙrizi ya ba da labarin cewa ta haka masu sana'ar hannu da 'yan kasuwar Alƙahira suka cika rajistar rundunar, suna karɓar harajin ƙauyuka a matsayin mahaya.